Biya Ni Kuɗin Shara, Sarkin Tazara

Taubashi, Farfesan gobe, Bazazzagin da ba ya iya cewa "ina kwana" sai ya gyara zaman tabarau, ina gaisuwa. Ya Zariya? Ya ƙafar Kawu? Ka gaishe shi da kyau, ka ce masa ɗan ƙanwarsa na nan Kano yana wanke wa ɗansa kwanukan boko kamar yadda aka saba. Kai kam ba zan tambayi lafiyarka ba, domin duk wanda ke da ƙarfin buga wa ɗan'uwansa waya ƙarfe ɗaya saura kwata na dare ya ce kwamfutarsa ta yi gamo, lafiya ta yi masa yawa.

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda na san ka riga ka fara haɗa musu. Cewa ka yi ginshiƙin shekaru yana nan a jadawalinka, kana kallonsa ƙuru-ƙuru, amma da ka kira shi a pandas, manhajar jadawali ta Python, sai ta watsa maka KeyError, wato ita ba ta san mai wannan suna ba. Ka kashe kwamfuta ka kunna. Ka goge Python ka sake saukewa, da datar da ba taka ba. Ka zargi autan gidanku da ya kalli ƙwallo a kanta. Saura ƙiris ka naɗe ta a zani ka kai a yi mata ruƙiyya. Ni kuwa ina kwance, an ɗauke wuta, sauro na rera min waƙa a kunne, na ce ka buga df.columns.tolist() ka karanto min abin da ya fito, harafi bayan harafi, har da 'yan alamun da suka rufe kowane suna gaba da baya. Ka karanto cikin muryar nan taka ta mai gabatar da maƙala. Sai ga shi tsakanin wasalin ƙarshe na Shekaru da alamar rufewa akwai ɗan fili, tazara guda tal, wadda babban yatsanka ya dangwala tun ranar da ka tsara jadawalin. Aljanin ke nan. Ido ba ya ganinsa don fari ne a kan fari, amma a wurin na'ura harafi ne cikakke, har da lambarsa, 32. Shekarun mutane harafi bakwai ne, naka takwas. Ka yi shiru na kusan minti guda, sannan ka ce, "Ai dama na yi zargin haka." Allah ya shirye ka. Tun daga daren nan na naɗa ka Sarkin Tazara, kuma rawanin ba ya sauka.

Da na san abin da zai biyo baya, da barcina na yi. Gari na wayewa ka turo min fayil ɗin gaba ɗaya, wai in ɗan leƙa. Sunansa ma kaɗai ya isa a kai ka gaban alƙali: "bincike na ƙarshe gyararre na biyu wanda malam ya gani". Na buɗe. Tambayoyin da kuka yi wa manoma da makiyaya ne a ƙauyuka uku, aikin digirinka, kuma tsakani da Allah aikin ya yi kyau, an sha rana an tattaro abin kirki. Wannan ne yabo na farko kuma na ƙarshe da za ka samu a takardar nan, ka ninke shi ka sa a aljihu. Domin layin sama na jadawalin, inda sunayen ginshiƙai 87 suke, bakin kasuwa da yammacin ranar da ta ci ya fi shi kyan gani.

Wani ginshiƙi sunansa, wai: "Buhu nawa na masara mai gida ya samu a daminar bara (idan ya tuna)?" Taubashi, wannan ai ba suna ba ne, kirari ne. Ranar suna, guda ɗaya liman yake raɗawa, gajere, wanda uwa za ta iya ƙwala wa kira daga madafi ba tare da tuwo ya ƙone ba. Sauran, ɗan wane jikan wane, aikin maroƙi ne. Kai ka sallami liman ka miƙa wa maroƙi alƙalami. Ka manta cewa wannan sunan ba sau ɗaya za ka kira shi ba. Wurin tacewa za ka kira shi, wurin fitar da matsakaici za ka kira shi, wurin zane za ka kira shi, ko sau arba'in kafin a gama babi na huɗu. Kowane kira kuma sai ka rubuto harafi 67 ba tuntuɓe, da bakansa da alamar tambayarsa. Na ƙirga su da yatsa, kar ka musa. Alhali buhun_masara ya kashe magana. Suna linzami ne, in ji Hausawa, to ina ka taɓa ganin linzami mai tsawon igiyar guga?

Kowace manhaja kuma da irin hukuncin da take yanke wa mai dogon suna. R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, in ka ba read.csv ɗinta kirarinka ba za ta yi maka gardama ba, sai dai ta mayar da duk tazara da baka da alamar tambaya ɗigo, layin ya fito kamar an watsa wa kaji gero. Ginshiƙin da ka sa wa 2023 ta liƙa masa X a goshi ya zama X2023, domin a wurinta suna ba ya farawa da lamba. Wanda ka kira "% na gona" kuwa ya koma X..na.gona, sai ka ce lambar motar da aka kama a iyaka. Stata ba ta karɓar suna mai fiye da harafi 32. PostgreSQL a 63 take datsewa, don haka kirarin naka zai shiga ba wutsiya, ya tsaya cak a "idan ya tu". Tsofaffin da suka yi aiki da SPSS ta da kuwa takwas kacal aka ba su, kuma suka rayu, suka yi digiri, suka aurar da 'ya'ya.

Waɗanda ka ɗan yi ƙoƙari a kansu ma ba su tsira ba. Ka ce kana son taswirar ƙauyukan, ka fitar da bayanan a tsarin shapefile, wanda har gobe harafi goma yake ba kowane suna, gadon da ya ci daga tsohuwar dBASE. Ka ƙirga adadin_awaki_2022 ka yanke a na goma ka ga abin da ya saura: adadin_awa. Awakin bayin Allah sun koma awanni. Na 2023 kuma, da ya zo ya tarar an riga shi zama, aka kira shi adadin_a_1. Da ka sa kalmar da ta bambanta su a gaba ka ce awaki_2022, harafi goma cif, da ba mai taɓa shi. Amma ina, Bazazzagi sai ya yi shimfiɗa kafin ya shiga zance.

Na gangaro na ci karo da wasu bayin Allah guda tara marasa suna, Unnamed: 12, Unnamed: 13, haka dai har ƙarshen layi. Ashe gidaje goma ka haɗe a layin sama na Excel, ka rubuta AMFANIN GONA da manyan baƙaƙe, ka shafa masa ruwan ɗorawa don malam ya ga ado. Ita pandas ba ruwanta da ado. Gidan farko ta ga rubutu ta ba shi, tara ta gan su fayau ta kira kowanne "marar suna" da lambar wurin zamansa, tana ƙirgawa daga sifili. Sunayen gaskiya kuma, gero da dawa da wake da ka jera a layi na biyu, ta ɗauke su a matsayin amsar manomi na farko. Ko Gwaggonka da har yau ba ta faɗin sunan Yaya don ɗan fari ne, in ta ce "yaron nan" kowa ya san wanda take nufi. Kai alkunyar wa kake yi wa ginshiƙin wake? Surukinka ne?

To, zan ɗan sassauta, don na gano inda ka kwaso wani ɓangaren ɗabi'ar. Ƙauye ɗaya da waya kuka yi shi, ta KoboToolbox, kuma wurin fitar da bayanai ana ba ka zaɓi: gajerun sunayen da ke bayan tambayoyin kake so a kan ginshiƙai, ko cikakkun tambayoyin? Mai son dogon zance me zai zaɓa? Ka kuma bar sunan rukuni a gaban kowanne, da sanda a jirge tsakaninsu, alhali ɗan akwati ne za ka cire wa alama shi ke nan. Sauran ƙauyuka biyun da takarda aka yi, yaranka suka shigar da hannu, kowa da son ransa. Wannan ya rubuta "Lambar Gida", wancan "lambar gida", na wayar kuma da nasa salon. Da ka ɗora fayil ukun kan juna da concat, ita da suna take haɗa aure, ba da kama ba. Sai ta ba ka ginshiƙi uku a jere, kamar kishiyoyin da ba sa ga maciji, kowace da sulusin gidaje, sauran wurin NaN fal, wato ba komai. Kai kuma, kar ka ce ba ka yi ba, har ka fara rubuta cewa kashi biyu cikin uku na gidajen yankin ba su da lamba, kana neman dalilin a tarihi.

Abin da ya tabbatar min sarautar ta dace da kai shi ne tazarar taka ma iri-iri ce. Akwai ta gama-gari mai lamba 32. Akwai wata mai lamba 160, wadda ke maƙalewa a rubutu in an kwafo daga Word ko daga intanet, kamarsu ɗaya da 'yar'uwarta amma TRIM ta Excel ba ta ganinta, kuma in ka ce a musanya tazara da layin ƙasa sai a tsallake ta. Akwai kuma inda ka danna Alt da Enter ka karya suna gida biyu don ya shiga akwati, ka dasa sabon layi a tsakiyar suna. Har ginshiƙin farko, da na buɗe shi a tsohuwar R ɗina ta Windows, sai ya fito da ï.. a goshinsa kamar tsagen da ba na gidanku ba. Wannan dai ba zan ɗora maka ba. Wata ɓoyayyiyar alama ce da ake sakawa a farkon fayil in an adana shi a CSV ta UTF-8, kuma faɗa wa mai karantawa irin fayil ɗin ne maganinta. Kar ka yi murna, ɗaya ce cikin tamanin da bakwai.

Sharar kanta ba ta kai layi biyar ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A pandas, wadda Wes McKinney ya fara rubutawa a 2008, sunayen ginshiƙai jeri ne da za ka iya kamawa gaba ɗaya. Ka fara da strip ka aske tazarar gaba da baya. Ka bi da lower, kowa ya sauko ya zama ƙaramin baƙi, ba babba ba yaro. Sannan duk tarkacen da ba harafi ba kuma ba lamba ba, komai yawansu a jere, ka mayar da su layin ƙasa guda ɗaya, ka datse wanda ya rage a bakin suna. Ka lura da jerin, don na san halinka na sa hula kafin wando: in ka musanya tazara kafin ka aske, ka kuma manta datsewar, shekarunka za su fito da jela, shekaru_, mu koma gidan jiya ƙarfe ɗaya saura kwata. In ka gama ka tambayi is_unique ko akwai masu suna ɗaya. Masu R kuma Sam Firke ya hutar da su da wani ƙunshi, umarni guda, clean_names, ya share layin sama tas: alamar kashi ta koma kalma, masu suna ɗaya na biyun ya samu _2.

Ka san sunan ƙunshin nan? janitor. Ka san ma'anarsa da Turancin da kake taƙama da shi? Mai shara. To ka ga inda na dosa. Tun muna yara kake cika min baki kai ɗan namiji ne ni ɗan mace, wai ni bawanka ne. Shekara da shekaru ina musu, yau na karɓa hannu bibbiyu. Bawa ya yi shara, saura ubangida ya taɓa aljihu. Za mu dawo kan wannan, ba na mantuwa da bashi, ka san garinmu.

Da na turo maka sunayen a share, maimakon godiya sai ka ce layin ƙasan nan ƙauyanci ne, kai salon raƙumi ka fi so: buhunMasara, shekarunMaiGida, babban baƙi a tsakiya kamar tozo. Haka masu kod suke kiransa, wancan nawa kuma salon maciji, don yana jan ciki a ƙasa. Ba haramun ba ne, masu JavaScript a kansa suke. Amma ka kai raƙumin nan PostgreSQL ka kira shi ba tare da ka killace sunan da alamun zance ba, ka ga yadda za ta daddanne tozon ta miƙo maka shekarunmaigida, curi guda kamar ƙullun da bai tashi ba. Maciji kuwa duk ramin da ka sa shi yana shiga. Ni dai ba raƙumin ne ya dame ni ba, garwayawar ce: ginshiƙi ɗaya raƙumi, na kusa da shi maciji, na uku ya cika ɗigo kamar zabuwa. Jadawali ne ko gidan namun daji? Zaɓi dabba ɗaya ka kiwata.

Yanzu bari in taka tuduna, kada ka ji a bakin wani ka ƙara gishiri. Akwai wata dabara da ke yawo a intanet, kowa na kwafa: a warware haruffa da NFKD, a mayar da su ASCII, abin da ya ƙi shiga a zubar. A Faransanci galibi tana aiki lafiya, domin é a tsarin Unicode ana iya raba ta biyu, e daban, 'yar alamar da ke kanta daban, a jefar da alamar a riƙe e. Ni kuma ga gaggawa ga barci, na kwafa na liƙa. Ashe ƙ da ɗ da ɓ ba k da d da b ba ne da suka sa hula. Kowannensu harafi ne mai cin gashin kansa, ƙugiyar a jikinsa take, ba ta ciruwa. Sai tsintsiyar ta kwashe su ɗungurungum. Kuɗin taki ya koma kuin_taki. Ƙasar noma ta koma asar_noma. Ɗakuna suka zama akuna. Ginshiƙin Ƙara ya wayi gari ara, sai ka ce binciken masu aron garma muke yi. Garin neman gira na kusa tsiyayar da ido. Yi dariyarka, na ba ka minti ɗaya. Ya isa.

Shi janitor ya fi ni tarbiyya, ba ya zubar da harafin, ƙugiyar kawai yake karyewa: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Sai dai a jadawalinka nan ma akwai rami. Kana da ginshiƙin Kara, wato damin karan da manomi ya sayar wa makiyaya bayan girbi, kana kuma da na Ƙara, wato sau nawa aka je gaban hukuma a kan ɓarna. Da aka karye ƙugiya sai suka zama kara da kara_2, kuma ba abin da ya raba su sai wanda ya riga zama. Gobe wani yaronka ya ja wannan ginshiƙi ya kai shi gaban wancan, lambar ta koma kan ɗayan, ba kuskuren da zai fito a allo, ba ƙararrawa, ba komai. Kai kuma ka miƙe gaban malamai da babbar riga ka sanar da su cewa a ƙauyen nan akwai magidancin da ya kai ƙara sau sittin a shekara guda, ya sayar da dami biyu. KeyError aƙalla tana da kirki, tana tsayar da kai a ƙofa. Wannan kuwa rakiya zai yi maka har zauren jarrabawa.

Na'ura ba ta jin Hausa, Taubashi, don haka wannan hukuncin ba nata ba ne, naka ne. Na sa musu damin_kara da zuwa_kotu, magana ta ƙare. Ba wai Python ba ta iya ɗaukar ƙ ba ce, tana ɗauka sarai, har lower ta san Ƙ babba ta san ƙaramarta. In da fayil ɗin a kwamfutarka zai rayu ya mutu, da na ce bar ƙugiyoyinka. Amma tafiya zai yi: zai je tsohuwar kwamfutar malam, zai shiga taswira, zai faɗa hannun wanda allon rubutunsa ba shi da ɗ. Saboda haka a sunan da na'ura ke kira, nemi kalmar da ba ta da ƙugiya, ko wadda in ta rasa ƙugiyar ba ta zama wata kalma ba. Haka alhamza: 'ya'ya da ka sa a kan wani ginshiƙi, rabin alamun a miƙe rabi a lanƙwashe don Word ta taɓa su, kuma a cikin kod wannan alamar ce ke rufe zance. Na mayar da shi yawan_yara, kowa ya huta. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun tsallake wannan ramin, sun faɗa na ƙugiya tare da mu. Amma fa a abin da ɗan Adam zai karanta, kan zane da kan jadawalin da zai shiga kundi, kowace ƙugiya ta koma mazauninta. Ranar da na ga ka buga "kasa" a inda kake nufin ƙasa, ni da kai ne, kuma Kawu zan kai wa ƙara, mai ƙugiya.

Kar kuma ka ce na raba ka da kirarinka. Yana da ɗaki, ba dai a layin sama ba. Ka buɗe ɗan littafi, fayil daban: tsohon suna, sabon suna, cikakkiyar tambayar, da ma'auni. Ma'aunin nan kar ka raina shi, domin "Girman gona" da ka rubuta ban san eka ba ne ko hekta, geron kuma ban san buhu ba ne ko tiya, sai da na buga maka waya kai ma ka ce bari ka tambaya. Yanzu gona_eka ne da gero_tiya, sunan na ɗauke da mudunsa. Ka dubi binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, irin wanda aka yi a Najeriya a 2018. Sunayensu ko kyan gani babu: v012 shekarun matar da aka yi wa tambaya, v025 birni ko ƙauye, v201 yawan 'ya'yan da ta haifa. Amma v012 ɗin nan shi ne a Nijar, shi ne a Ghana, kuma akwai littafin da ya fassara kowanne. Wanda ya rubuta kod sau ɗaya sai ya yi ta yawo da shi ƙasa-ƙasa. Ban ce ka koma v kaza ba, kai da ko lambar wayarka sai ka duba. Cewa na yi suna ya tsaya wuri guda, bayani ya zauna a littafi. Kowane ɗan kasuwar Dawanau ya san wannan ba tare da ya taka jami'a ba.

Su awaki_2022 da awaki_2023 ma, in za a bi gaskiya, ba su kamaci zama ginshiƙi biyu ba. Hadley Wickham ya yi rubutu a kan tsabtar bayanai a 2014, kuma cikin cututtukan da ya lissafa har da wannan: a ɗauki abin da amsa ne a mayar da shi kan ginshiƙi. Shekara amsa ce. Ginshiƙi ɗaya na shekara, ɗaya na awaki, melt ta yi maka juyin a pandas ko pivot_longer a R, baɗi in an ƙara wata shekara layuka ne za su ƙaru, kod bai san an yi ba. Amma wannan karatun gaba ne, kai da har yanzu kake kan baƙi ba ka kai farfaru ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma shi ne saƙonka na shekaranjiya. Wai ka gane yanzu, nan gaba da kanka za ka riƙa buɗe Excel kana gyara sunayen ɗaya bayan ɗaya da hannu. Haba Farfesa! Mako mai zuwa yaranka za su dawo daga ƙauye na huɗu, ka sake fitar da bayanai, dattin nan ya dawo sabo fil, ka sake zama ka gyara 87, ka manta yadda ka rubuta uku daga ciki wancan karon. Kuma yatsan da ya dangwala tazarar farko ai yana nan a hannunka, ba a yanke shi ba. Ɗanyen fayil ba a taɓa shi, a bar shi da dattinsa kamar yadda ya zo, shi ne shaidarka in an yi gardama. Tsintsiyar a cikin kod take zama, layi na biyu, daga karanto fayil sai ita, ta yadda kome ya shigo sai ya bi ta kanta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In kana jin an ƙasƙantar da kai don an ce ka sauya suna saboda na'ura, ka kwantar da hankalinka, waɗanda suka fi ka tabarau sun yi. Masana ƙwayoyin halitta sun shekara da shekaru Excel na ganin SEPT1 da MARCH1 ta ɗauka ranakun wata ne ta juya su, har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya haƙura ya sauya, suka koma SEPTIN1 da MARCHF1. Su ba su ce kwamfuta ta yi gamo ba.

To, mu dawo kan bashi. Ba sai watan cika-ciki ya kama ba, sharar bana an riga an yi ta. Ba zan yarda a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, kai ka sa hular digiri ni in tashi da cizon sauro. Buhun masara ɗaya nake so, buhu na gaske mai ɗinki a baki, ba ginshiƙi ba, ka sa a motar Kano ka biya kuɗin dako. Sannan sunana ya shiga shafin godiya, sama da na abokanka na shan shayi, da ƙugiyarsa, ba tazara a bayansa. In ka ce Bakano ya cika son abin duniya, na ji, a ƙara da tiya biyu ta wake.

Fayil ɗin ƙauye na huɗu kuma ka turo shi ranar Asabar, da rana tsaka. Daga ƙarfe goma na dare wayata a kashe take.